Harafi a Matsayin Adadi: Tsokaci kan Darasin Farko na Aljabara

A darussan aljabara na ajin farko na ƙaramar sakandare, mun lura da wata dabara da malamai suka runguma, wadda muke ganin illarta ta fi amfaninta. Idan aka zo bayanin 3a + 2a = 5a, sai a ce wa yaro “a” ayaba ce: ayaba 3 da ayaba 2 sun zama ayaba 5. Amsa ta fito daidai, aji ya yi tafi, amma an dasa kuskure.

Harafi a aljabara ba sunan abu ba ne, adadi yake wakilta. Yaron da ya ɗauki “a” a matsayin ayaba zai cije ranar da aka ce masa a = 50, domin ayaba ba ta zama hamsin. Wani ma 350 zai rubuta a madadin 3a, saboda ba a nuna masa cewa akwai “sau” a ɓoye tsakanin lambar da harafin ba. Da an ce “a” kuɗin ayaba ɗaya ne, da 3a ta zama kuɗin guda uku, wato Naira 150, kuma da misalin bai bar kasuwa ba.

Matsala ta biyu ta kalma ce. Ana kiran kowane harafi “abin da ba a sani ba”. Wannan ya dace da x + 4 = 9, inda x ba ta wuce 5. To amma a 2n + 1 ba a neman komai: n tana sauyawa, kuma kowace cikakkiyar lamba aka sa, mara za a samu, ba cika ba. Muna ba da shawarar manhaja ta bambance “ɓoyayyen adadi” da “adadi mai sauyawa” tun daga makon farko.

Ita kanta x baƙuwa ce, domin babu ta a abacadan Hausa. Descartes ne ya yaɗa amfani da ita a 1637. Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, da zance zalla ya yi aiki, yana kiran adadin da ake nema “shai’un”, wato “abu”. Ba mu ga laifi ba idan malami ya fara da “wani adadi, an ninka shi, an ƙara ɗaya”, sai yaro ya gaji da tsawon jimlar kafin a miƙa masa harafin.