Maɓalli ɗaya, asara biyu: matsalar shafukan mayar da hoton HDR zuwa GIF

Kwanakin baya wani abokin aikinmu ya ɗauki jerin hotunan harshen wuta a tsarin OpenEXR, yana so ya nuna wa ɗalibai yadda haske ke sauyawa daga tsakiya zuwa gefe. Sai ya loda su a ɗaya daga cikin shafukan nan na kyauta masu alkawarin mayar da kowane hoto GIF da dannawa ɗaya. Abin da ya fito: tsakiyar wutar fari fat, babu komai a ciki, gefenta kuma zobe-zobe kamar an yanka albasa. Har wata ɗaliba ta tambaya ko zobban nan matakan zafi ne. To, ba su ba ne. Manhajar ce ta ƙirƙiro su.

Ba laifin GIF ba ne. Kamfanin CompuServe ya fito da shi a 1987, lokacin da intanet ta waya ke tafiya kamar hawainiya, kuma ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Kowane firam yana ɗauke da jadawalin launuka da ba ya wuce 256, kowane ɗigo na hoton kuma lamba ce kawai mai nuni zuwa ɗaya daga cikinsu. OpenEXR kuwa, wanda Industrial Light & Magic suka saki a 2003 don aikin fim, yana ajiye hasken kansa, da lambobin da za su iya kai 65,504 a kowane launi. Tazarar tana da girma.

Inda nake da ƙorafi shi ne, aikin nan aiki biyu ne, amma waɗannan shafuka suna ɓoye su a bayan maɓalli ɗaya. Na farko shi ne matse haske, wato a rage tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da mafi haske har ta shiga abin da allo na yau da kullum zai iya nunawa. Akwai hanyoyi sanannu, kamar wadda Erik Reinhard da abokansa suka wallafa a 2002, kuma kowace tana sadaukar da wani abu. Shafin da abokinmu ya yi amfani da shi bai matse komai ba. Duk hasken da ya wuce iyaka, yanke shi ya yi ya mai da shi fari. Shi ya sa tsakiyar wutar ta ɓace.

Na biyu shi ne zaɓen launuka 256 ɗin. Nan ma dabara ta daɗe: Paul Heckbert ya bayyana hanyar raba launuka a tsakiyarsu tun 1982. Sai dai idan aka yi zaɓen a kan lambobin haske kai tsaye, ba tare da la'akari da yadda idon mutum ya fi gane bambanci a cikin duhu ba, wuraren duhu sai su tashi da launuka kaɗan. Sauyin da ya kamata ya tafi sannu a hankali sai ya koma matakala. Ga zobban albasa nan.

Wani zai ce ai akwai magani, a yayyafa ɗigo irin na Floyd da Steinberg na 1976, ido ya haɗa su ya ga kamar launi ɗaya ne mai laushi. Gaskiya ne, yana ɓoye matakalar. Amma yana kumbura fayil, domin matsin LZW na GIF yana son jere mai maimaituwa, yayyafin kuma wargaza jere yake yi. A hoto mai motsi, ɗigon suna rawa daga firam zuwa firam kamar tururuwa. Kuma ba ya dawo da tsakiyar wutar da aka riga aka yanke.

Abin ban haushi ma, da yawa daga cikin "GIF" da muke turawa a WhatsApp ko X, bidiyon MP4 ne suke zama. Wato an sha asarar launi a banza.

Ba na neman waɗannan shafuka su yi sihiri. Su nuna mana hanyar matse hasken da suka zaɓa, su ba mu damar sauya ta, su gargaɗe mu idan an yanke wani ɓangare. Abokinmu dai daga baya da kansa ya matse hasken, ya fitar da gajeren bidiyo, ya rubuta a ƙarƙashinsa hanyar da ya bi, ya kuma ajiye fayilolin EXR ɗin don duk ɗalibin da ke son auna wani abu.