Ready Player Two: Kewar Zamanin Da Ba Ta Isa Riƙe Fim Ba

Tun da aka fara maganar mayar da littafin Ready Player Two fim, masoyan marubucinsa, Ernest Cline, ke roƙon abu ɗaya: wannan karon a bi littafin sau da ƙafa. Ni ban ga haka ba. Idan har za a yi fim ɗin, sai an sake wa labarin gini fiye da yadda Steven Spielberg ya yi wa na farko, Ready Player One, a 2018. In ba za a iya ba, gara a bar shi a takarda.

Ready Player One ya fito a 2011, kuma kamfanin Warner Bros. ya sayi haƙƙin yin fim ɗinsa tun 2010, kafin ma ya shiga kasuwa. Labarin yana faruwa ne wajen 2045, duniya ta talauce, jama'a na gudun wahala zuwa OASIS, wata duniyar kwamfuta da ake shiga da tabarau na musamman. Wanda ya ƙirƙiro ta, James Halliday, ya mutu ya bar dukiyarsa ga duk wanda ya gano makullai uku da ya ɓoye a ciki. Da yake zuciyarsa ta maƙale a shekarun 1980, sai matasa suka duƙufa haddar finafinai, waƙoƙi da wasannin bidiyo na wancan zamani. Da hadda jarumin, Wade Watts, yake cin nasara: ya yi galaba a wasan Joust, ya kammala Pac-Man ba kuskure, ya maimaita maganganun jarumin fim ɗin WarGames na 1983 kalma bayan kalma. A takarda wannan yana da daɗi ga Ba'amurken da ya tashi a lokacin, domin kowane suna yana tuna masa ƙuruciyarsa. A majigi kuwa, wa zai biya kuɗi ya zauna kallon yaro yana biya karatun wani fim?

Spielberg ya gane wannan, shi da marubutan fim ɗin, Zak Penn da Cline kansa. Suka cire Joust da WarGames, suka kawo tseren motoci da King Kong ke tare hanyarsa, da kuma shiga otal ɗin fim ɗin The Shining na Stanley Kubrick. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sun sauya tambayar gasar. A littafi ana gwada yawan abin da ka sani. A fim ana gwada ko ka fahimci Halliday, mutumin da kaɗaici ya cinye, wanda ya mutu da nadamar matar da ya kasa bayyana wa soyayyarsa da abokin da ya rabu da shi. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500, kuma abin da ya samu a China ya zarce na Amurka. Yawancin 'yan kallon China ba su tashi da na'urar wasan Atari a ɗakunansu ba. Ashe ba kewar shekarun 1980 ce ta cika musu gidajen silima ba.

Za a ce da tsohuwar zuma ake magani, a kawo Top Gun: Maverick na 2022 da ya haura dala biliyan ɗaya, da Stranger Things da ya mamaye Netflix tun 2016. Gaskiya ne kewa tana jawo mutane zuwa ƙofa. Amma Maverick labarin matuƙin jirgi ne da shekaru suka cim masa, yana ɗauke da alhakin mutuwar abokinsa a gaban ɗan mamacin, Stranger Things kuma ya fara ne da uwa mai neman ɗanta da ya ɓata. Ko wanda bai san shekarun 1980 ba, zai ji zafin waɗannan. Wasu kuma za su ce idan aka cire tsoffin sunayen, ba abin da zai saura na Cline. Ai a fim ɗin farko ba a cire su ba: motar DeLorean ta Back to the Future tana nan, Iron Giant da Gundam suna nan. An dai mayar da su ado, ta yadda wanda bai gane su ba ba zai rasa zaren labari ba.

Matsalar Ready Player Two, wanda ya fito a 2020, ita ce ya ninka abin da fim ɗin farko ya guje wa. Makullai uku sun koma gutsattsari bakwai, ana yawo daga duniyar finafinan John Hughes zuwa ta mawaƙi Prince, zuwa tsohon zamanin da marubuci Tolkien ya zana a littafinsa The Silmarillion. Kowanne yana da masu haƙƙin mallaka, kuma magadan Tolkien ba su sayar da haƙƙin yin fim na wancan littafi ba. Ko Spielberg, duk da girmansa, bai samu Ultraman ba a fim ɗin farko saboda rigimar shari'a kan haƙƙinsa. Bin littafin sau da ƙafa ke nan bai ma yiwuwa, ko da an so.

Duk da haka akwai fim a cikinsa, sai dai ba inda masoya ke dubawa ba. Akwai na'urar ONI mai haɗa ƙwaƙwalwa kai tsaye da OASIS, wadda wuce awa 12 a cikinta ke lalata ƙwaƙwalwa, da miliyoyin mutanen da aka yi garkuwa da su ta hanyarta. Akwai kuma Wade, talakan jiya da ya zama attajiri, yana amfani da ikonsa wajen leƙen asirin mutane da hukunta masu zaginsa. A zamanin da kamfanoni ƙalilan ke riƙe da hankalin biliyoyin mutane, wannan ne labarin da ya cancanci kyamara. Daraktan da zai gina fim ɗinsa a kansa, ya watsar da yawancin sauran, ya cancanci a ba shi dama. Wanda zai zo ya jera mana tsoffin sunaye na awa biyu da rabi kuwa, ya bar littafin inda yake.