Wa Ke da Bakin Ramawa? Barkwancin Ƙabila a Ƙasar Gobir

Duk wanda ya ce mutanen gabashin Sakkwato ba su iya ɗaukar wasa ba, bai taɓa tsayawa inda Bagobiri ya haɗu da Bayarabe ba. Daga Bafarawa zuwa Isa, daga Isa zuwa Sabon Birni har a tsallaka Tsibiri da Maraɗi, akwai maganganun da ake jifan juna da su a bainar jama'a waɗanda da a wani wuri ne sai an dangana da ofishin 'yan sanda. A nan dariya ake yi. Amma kuma mutanen nan ne za ka miƙa wa waya su kalli wani ɗan barkwanci da ya yi suna a birni yana kwaikwayon wata ƙabila, sai ka ga dattijo ya ɗaure fuska, ɗansa kuwa yana gefe yana ƙyaƙyata har da riƙe ciki. Abin da ɗan wasan ya faɗa bai kai rabin zafin abin da dattijon ya gaya wa Bayarabe da safe ba.

An saba cewa bambancin shekaru ne, ko kuma tsofaffi sun fi riƙo da addini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma bai isa ba. A ganina ma'aunin da mutanen wannan yanki suke auna barkwanci da shi, ko sun furta ko ba su furta ba, shi ne: wanda ake yi da shi yana wurin? Kuma idan yana wurin, yana da bakin ramawa?

A dubi yadda abin yake a tasha. Dattijo Bagobiri, da tsagensa shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ya turo babur wurin Bayarabe mai gyara. Kafin sallama ta ƙare ya ce, "Kai bawana, yau ma ba ka zo gaisuwa ba? Mi kaka jira?" Bayaraben ko ɗago kai bai yi daga kan injin ba ya ce, "Baba, wane bawa? Wanda aka yi wa zane goma sha uku a fuska don kada ya ɓace wa ubangidansa, ai shi ne bawa." 'Yan kallo suka kwashe. Dattijo ya nuna kuncin mai gyaran ya ce, "To kai naka na mine ne, rasiɗi?" Haka za su yi ta yi har a ɗaure noti na ƙarshe, sannan a shiga rigimar kuɗin aiki, wadda ita ma rabinta wasa ne. Babu wanda ya tashi da ciwon rai, domin kowa ya ba da, kowa ya karɓa. Wasan nan dambe ne, kuma wanda ya naushi mutumin da bai ɗaure hannu ba, ba a kiransa gwani.

Irin wannan wasa, wato taubasantaka, yana da dokoki, ko da ba a rubuce suke ba. Ba kowa ke wasa da kowa ba: Bagobiri da Bayarabe, Bagobiri da Bazabarme a Nijar, Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzage, Bakatsine da Banufe, sai kuma 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji a cikin dangi. Gadon taubasantaka ake yi. Tana kuma zuwa da nauyi, domin wanda ya kira ka bawa a kasuwa ba shi da ikon wuce ka idan ya same ka cikin matsala, kuma idan rigima ta tashi, bakin abokin wasa yana kashe wutar da bakin alƙali bai kashe ba. A watan Muharram, watan cika-ciki, taubasai kan bi juna kuɗin shara. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki al'adar da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Mu a wannan ɓangaren na iyaka mun bar ta a hannun tsofaffi.

Dalilin wasan Gobirawa da Yarbawa kowa da labarin da ya ji daga kakansa. Abin da ke rubuce shi ne, littafin tarihin Yarbawa na Samuel Johnson, wanda aka buga a 1921, ya kawo ruwayar da ke haɗa asalin sarakunan Yarbawa da na Gobir, har ya kafa hujja da kamannin tsage. Ko ruwayar ta inganta ko ba ta inganta ba, ta ba ɓangarorin biyu abin tsayawa a kai su yi musu har abada kan wane ne babba. Ƙasar Gobir kuwa ta san amfanin irin wannan musu mara jini. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya wani reshe ya dawo ya kafa Sabon Birni, yayin da sarautar Sarkin Gobir ta Isa take hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Jikokin waɗanda suka ci yaƙi da na waɗanda aka ci sun shafe kusan ƙarni biyu suna kasuwa ɗaya, suna auratayya. Mutanen da suka yi irin wannan zama sun san inda wasa yake tsayawa.

Ba da dariya a matsayin sana'a ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun kafin a san makirfo akwai 'yan kama, waɗanda kan tsaya a kasuwa ko gidan biki su kwaikwayi malami yana karatu, amma karatun duka a kan tuwo da nama yake. Wani Bature, Gidley, ya yi nazari a kansu tun 1967. Akwai 'yan gambara masu kaifin baki, akwai wawan sarki da ke faɗa wa sarki abin da waziri ba ya iyawa. A Isa ɗin nan Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir Amadu, kuma duk wanda ya saurare shi ya san zambo rabin aikinsa ne. Sai dai a lura da yadda zambon yake tafiya. Makaɗi ba ya kama suna, siffanta mutum yake yi har kowa ya gane, kuma wanda aka yi wa ɗan sarki ne mai neman sarauta, mai iya ɗaukar nasa makaɗin ya rama. Ɗan kama shi ma a gaban mutanen da yake tsokana yake tsayawa, daga aljihunsu yake ci. Ranar da ya wuce gona da iri, a take da'irar za ta watse ta bar shi.

Rediyo da talabijin ne suka fara raba mai wasa da wanda ake wasa da shi, amma 'yan wasan farko sun zo da tsohuwar tarbiyya. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, ya shekara da shekaru yana ba Arewa dariya da gurɓatacciyar Hausar bariki, kuma sojoji na cikin manyan masoyansa. Banufe ne, tsohon soja ne, da kansa da abokan aikinsa yake yi.

A kan Rabilu Musa Ibro ne ra'ayi ya fara rabuwa sosai. Finafinan camama sun cika da Ɗan Gwari, da Bayarabe mai karya Hausa, da Bafulatanin da ya shigo birni ya rikice. 'Yan boko da yawa sun raina su, hukumar tace finafinai ta Kano ma ta kai Ibro gidan yari a 2008, amma a ƙauyuka kaset ɗinsa ya fi na kowa tafiya, kuma har bayan rasuwarsa a watan Disamba na 2014 masu tura finafinai a shagunan cajin waya ba su daina sayar da shi ba. Abin da ya ceci Ibro, a nawa hukuncin, shi ne kusan kullum shi ne babban wawan fim ɗin: Bahaushe mai wayon banza da ke shirya wa wani gadar zare ya faɗa da kansa. Wanda ya fara da kansa ana yi masa uzuri. Duk da haka uzurin bai share komai ba. Mutanen da muke kira Gwari, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi, ba su taɓa riƙe kyamarar ba, kuma ba a tambaye su ko hoton ya yi musu daɗi ba.

Mutanen Isa da Sabon Birni sun ɗanɗana irin wannan. Idan fim ɗin Kano yana son nuna baƙauye, sau da yawa sai a sa masa "awo" da "mi kaka yi" a baki, a ja su fiye da yadda kowa yake ja. A majalisa ɗaya za ka sami saurayin da ke murna ya ji harshen gidansu a fim, da wanda ke cewa, "Su Kanawa wa ya ba su? Mu ba abokan wasansu ba ne." Wannan magana ta biyu ita ce tsohuwar doka take magana da bakin yaro.

Barkwancin dandamali irin na zamani, mutum ɗaya da makirfo a gaban masu tikiti, a Legas ya yi ƙarfi, ta hannun su Ali Baba da bikin dariyar da Opa Williams ya fara shiryawa a 1995. A can aka gina "aboki": maigadi, mai gyaran takalmi, mai rediyo a kunne, wanda ba ya gane komai sai an maimaita. Samarin yankin nan da ke tafiya cirani Legas da Ibadan, suna acaba ko sayar da albasa, su ne ake nufi, kuma kuɗin shiga zauren ya fi abin da suke samu a mako. Bidiyon kan iso su daga baya a waya. Wasu su yi dariya, don kwaikwayon kan yi kama, wasu su yi tsaki. Ga shi kuwa MC Tagwaye, Ibo ne, ya yi suna da kwaikwayon muryar Buhari, Arewa ta rungume shi, saboda a cikinmu ya tashi, da Hausarsa, kuma wanda yake kwaikwayo shugaban ƙasa ne a lokacin, da ba ya rasa masu kare shi.

A Amurka da Ingila sun daɗe suna wannan muhawara, inda wasu ke cewa a tsokani mai ƙarfi a ƙyale mai rauni, wasu kuma su ce dandamali ba shi da haramtaccen batu. Ma'auninmu ya ɗan bambanta, domin taubasantaka ta yarda talaka da basarake su yi wa juna, muddin hanya a buɗe take ta kowane ɓangare. Russell Peters, ɗan Kanada mai asalin Indiya, da wannan ya yi kasuwa: yakan nemo ɗan ƙabilar a cikin zauren, ya yi da shi ido da ido, bayan ya gama da iyayensa Indiyawa.

Malamai suna da nasu ra'ayin, suna kafa hujja da aya ta 11 a Suratul Hujurati wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Wasunsu har taubasantakar ba su so. Ban bi su har can ba, amma suna da gaskiya a wuri ɗaya: kalmar "bawa" tana da daɗin wasa ne kawai tsakanin mutanen da suka tabbata ba haka ba ne. Babu mai hankalin da ke faɗa wa wanda aka san kakansa da wannan tabo.

Inda maganar ta fi nauyi a yau shi ne batun Fulani. Da can barkwancin Bafulatani na sanda ne da ƙwarya da ruɗewa a birni, shi kuma yana da nasa a kan Kaɗo mai son tuwo da tsoron saniya. A bakin rijiya ake yi, a rabu ana dariya. Sai 'yan bindiga suka shigo. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 aka rufe layukan waya a yankin, a Disambar shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. A cikin wannan hali, Bafulatanin gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook ya ajiye sanda ya ɗauki bindiga, kuma karin harshen da ake kwaikwayo ya zama shaidar laifi.

Ba na ganin laifin wanda aka kashe wa ɗan'uwa idan ya yi dariyar ɗaci a kan irin wannan bidiyo. Yi wa azzalumi ba'a hanya ce ta rage tsoronsa, kuma wanda ya tsokani jagororin daji da sunansu, ko ya tsokani shugabannin da suka kasa kare jama'a kamar yadda mai barkwanci Ɗan Bello yake yi, ya yi aikin wawan sarki na gaskiya. Amma akwai wani mutum a majalisar: Bafulatanin gari, wanda shi ma an kore masa shanu, wanda ke tsoron daji yana kuma tsoron shiga kasuwa. Idan aka kunna bidiyon yana zaune, me zai ce? In ya rama, a ce yana goyon bayan 'yan bindiga. In ya yi fushi, a ce ya tsargu. Sai ya yi murmushin dole ya duba ƙasa. Dattijon da ya ɗaure fuska wannan yake gani, ɗansa kuwa kwaikwayon kawai yake ji. Ina tare da dattijon.

Ga matasan Isa, Bafarawa da Sabon Birni masu ɗaukar bidiyon barkwanci, ba cewa nake ku bar wasan ƙabila ba, gadonku ne kuma kun fi 'yan Legas iya shi. Idan za ku kwaikwayi Bafulatani, ku nemo Bafulatani ku ba shi rabin lokacin ya kwaikwayi Bagobiri, da tsagensa da "awo" ɗinsa, ku kuma bar masa maganar ƙarshe wani lokaci. Idan kun nema ya ce yana tsoron fitowa, ku ajiye wannan wasan tukuna ku yi wani.