Tallafin da ya san ranar janyewa: nazari kan dasa ikkilisiyoyin Baptis masu cin gashin kansu

Zargin da aka fi yi wa ikkilisiyoyin Baptis masu cin gashin kansu, musamman na Amurka, shi ne wai ba tsari ba ne, rarrabuwa ce aka yi wa ado: kowane mai wa'azin da ya saɓa da na gaba da shi sai ya kama haya, ya kafa allo, ya ce ya buɗe coci. Masu wannan magana ba su ganin yadda ikkilisiya za ta tsaya ba bishop, ba hedikwata, ba wanda zai kira fasto ya tuhume shi. A ganina sun dubi ginin ne daga waje. Wanda ya bi yadda ake dasa sabuwar ikkilisiya a wannan al'ada, daga ranar da aka ɗora wa mai bishara hannu har ranar da aka daina aika masa kuɗi, zai ga tsari mai tsauri, kuma a nan ne ake gane ko abin da Baptis ke faɗi da baki ya kai zuci.

Tarihin ba ɓoyayye ba ne. A 1609 John Smyth da wasu 'yan Ingila da suka yi hijira suka kafa ikkilisiyar Baptis ta farko a Amsterdam. Thomas Helwys ya komo da wani sashe nata Landan, a 1612 ya aika wa Sarki James na ɗaya littafi yana cewa sarki ba shi da iko a kan ruhin mutane, kuma 'yancin da ya nema ya haɗa har da Yahudawa da Musulmi. A kurkuku ya mutu. Roger Williams ya kafa ta farko a Amurka a Providence a 1638. Waɗanda ake kira masu cin gashin kansu a yau sun fito ne daga rikicin shekarun 1920 da 1930, lokacin da wasu suka ga manyan tarayyoyin Baptis na Amurka sun fara sassauci a kan amincin Littafi Mai Tsarki, suka janye. Daga nan aka sami ƙungiyoyin zumunta irin su General Association of Regular Baptist Churches a 1932 da Baptist Bible Fellowship a 1950, waɗanda ba su da ikon naɗa fasto ko tsige shi.

Ana yawan jera aƙidunsu kamar kowace zaman kanta take, alhali ɗaya ce ke haifar ɗaya. Idan Littafi Mai Tsarki ne kaɗai ke da maganar ƙarshe, kuma ceto ta wurin bangaskiyar mutum ne shi da kansa, to ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya ba da gaskiya ya furta, a nutsar da shi cikin ruwa. Idan kuwa kowane ɗan ikkilisiya da ƙafarsa ya shigo, yana kuma da hanyar zuwa ga Allah ba tare da wani firist a tsakani ba, babu dalilin da za a ce bai isa ya zaɓi fastonsa ba. Daga nan ne cin gashin kai ya fito, daga nan kuma aka raba ikkilisiya da gwamnati. Farillai biyu ne, baftisma da Jibin Ubangiji. Muƙamai biyu ne, fasto da dikin. Wanda ya ce yana son baftismar masu bi amma ba ya son taron da masu bin za su yanke shawara, ya karɓi tushe ne ya ƙi abin da tushen ya tsiro.

A aikace ga yadda abin yake. Mai dasa ikkilisiya ba ya aiken kansa. Dole akwai ikkilisiya mai aikawa, wadda ta san halinsa da na iyalinsa, ta gwada koyarwarsa, ta ɗora masa hannu, bisa misalin Antakiya da ta keɓe Bulus da Barnaba a sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni. Sannan ya shiga yawon neman tallafi, wanda sau da yawa kan ci shekara biyu ko fiye. Yakan isa ƙaramar ikkilisiya ranar Lahadi da yamma, ya ba da shaidarsa, ya yi wa'azi, ya bayyana garin da zai je, ya amsa tambayoyin dikinoni a kan abin da ya gaskata. Bayan ya tafi sai jama'a su zauna su ɗaga hannu: wannan ikkilisiya ta yi alkawarin dala 50 a wata, waccan dala 100. Masu suka suna cewa ɓata lokaci ne, suna nuna asusun bai ɗaya da Baptis na kudancin ƙasar Amurka suka kafa a 1925. Asusun ya fi sauri, ba musu. Amma tsohuwar da ta sa baikonta a asusun bai ɗaya ba ta san fuskar wanda ya karɓa ba, ita kuwa ta ƙaramar ikkilisiyar nan ta ci abinci da mai bisharar, hotonsa na manne a bangon majami'arsu, ana karanta wasiƙarsa a taron addu'a na Laraba.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne na ƙarshe, kuma shi ne aka fi mantawa. Sujada takan fara a falo ko a ɗakin taro na haya, da kujerun ninkewa da littattafan waƙa na aro. A wannan lokaci waɗanda aka yi wa baftisma 'yan ikkilisiya mai aikawa ne, ita ke duba asusu. Ranar da aka tsayar da sabuwar ikkilisiya, sai a karanta bayanin bangaskiya da alkawarin zumunci a gaban kowa, 'yan farko su sa hannu a takarda ɗaya bayan ɗaya, sannan su yi aikinsu na fari, wato kiran fasto. Suna iya kiran wanda ya dasa su, suna kuma da ikon ƙin kiransa. Daga ranar, uwar ba ta da ƙuri'a a cikin 'yar. Tallafin kuɗi yana raguwa har ya ƙare. Yaye ne, kuma uwar da ta ƙi yaye ɗanta ba ƙaunarsa ta fi ta saura ba, tauye shi take yi. Bulus ma wata 18 ya yi a Koranti ya wuce.

Suka mafi nauyi ita ce ta rashin mai tsawatawa, kuma ba ta da kyau a kauce mata. A 2018 jaridar Star-Telegram ta birnin Fort Worth ta wallafa bincike da ya tattara zarge-zargen lalata sama da 400 a irin waɗannan ikkilisiyoyi, har da yadda wasu da ake zargi suka riƙa sauya gari ba wanda ya tare su. Abin kunya ne da baƙin ciki. Sai dai majami'u masu bishop-bishop ma sun sha irin wannan, don haka hedikwata ba ita ce magani ba. Inda aka yi ɓarna, za a tarar fasto ya zama sarki, taron ikkilisiya ya koma wurin cewa amin. Wannan watsi da aƙidar ne, domin sura ta 18 ta Matiyu ga ikkilisiya ta miƙa hukuncin ƙarshe, ba ga mai wa'azi ba. Laifin da ya taɓa doka kuwa na hukuma ne, a kai mata. Haka nan ba na tare da waɗanda a cikin waɗannan ikkilisiyoyi ke cewa fassarar King James ta 1611 ce kaɗai karɓaɓɓiya. Bahaushen da ya sami cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensa tun 1932 ba ya bukatar Ingilishin dā kafin ya ji Maganar Allah.

Nijeriya tana da nata shaidar. Thomas Bowen ya kawo aikin Baptis a 1850. A 1888, da ɗan mishan W. J. David ya sallami Fasto Moses Ladejo Stone a Legas, yawancin jama'a suka fita suka kafa ikkilisiyar da daga baya aka sani da Ebenezer. Koyarwar da aka koya musu ce suka yi aiki da ita a kan masu koyarwar. A 1914 kuma suka haɗu da sauran a ƙungiya guda, Mojola Agbebi ya zama shugabanta na farko. Baptis na Nijeriya ba irin masu cin gashin kai na Amurka ba ne, tarayya gare su, amma labarin ya nuna cewa wanda ya tsaya da ƙafarsa ne ke iya haɗa kai da wani ba tare da ya zama bara ba.

Saboda haka ba a auna tallafi da yawan kuɗi ko girman gini. Duk mai son taimaka wa sabuwar ikkilisiya ya tambayi abu uku: wa ya aiko mai dasa ta, wa ke ganin asusunta, kuma wace shekara ce za ta riƙe kanta. In babu amsa ta uku, ba ikkilisiya ake dasawa ba, reshe ake buɗewa. Ku ba da hannu sake, ku koya wa jama'a karatun Littafi da riƙon amana, sannan idan lokaci ya yi ku sakar musu ragama.