Jinjina ga Malaman Turanci na Firamare

A makarantun firamare na gwamnati a Kano da Katsina, yara da yawa sai a aji suke fara jin Turanci. Daga "Audu runs" malama take farawa. Gobe ta tambaya: ina yake gudu? Jibi kuma: yaushe? Kafin mako ya ƙare, kalmomi 2 sun zama "Audu runs to school every morning."

Gwanintarta tana bayyana wajen gyara. Bahaushe yakan ce "Audu ya tafi", don haka yaro sai ya rubuta "Audu he went." Malamar da ta san aikinta ba ta ɗauko bulala. Ta gane tsarin Hausa ne ya biyo yaron, sai ta nuna masa inda harsunan biyu suka rabu.

Kayan aikinta allo ne da alli, da kwalin da ta yayyanka ta rubuta kalmomi a kai, yara suna jerawa suna sauyawa. Da waɗannan take fara shirya ɗalibai don fuskantar jarrabawar WAEC da NECO a ƙarshen sakandare, inda sai da kiredit a Turanci ake samun gurbin jami'a.