Tsohuwar Tatsuniya, Sabon Baki: Aro ne ko Sata?

Duk wanda ya tashi a Kajiji ko wani ƙauye na ƙasar Shagari da Boɗinga ya san tatsuniya ba ta da mai ita. Labarin Gizo da Ƙoƙi da kaka ta bayar daren jiya, shi jika zai maimaita a dandali, ya ƙara gishiri, ya rage abin da ya manta, kuma babu mai kiransa ɓarawo. Sai da labari ya hau takarda aka fara tambaya: na wane ne?

A ƙasar Sakkwato aka tattara da yawa daga cikin labaran da Frank Edgar ya buga a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913. Aikinsa adanawa ne. Ibrahim Yaro Yahaya kuwa, a Tatsuniyoyi da Wasanni (1971), ya gyara su ne domin 'yan makaranta. Wanda ya yi wa tsohon labari sabuwar riga sosai shi ne Abubakar Imam a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, bayan Rupert East ya tara masa litattafan Gabas da na Turai a Zariya.

Mu ɗauki labarin Kalala da Kalalatu. Asalinsa yana cikin tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, inda wata kuku ta cinye kaji biyu na ubangidanta, ta tsorata baƙo da wuƙar da ake wasawa, sannan ta ce shi ya gudu da kajin. Imam bai sauya ƙashin labarin ba. Amma ya mai da kuku matar gida, ubangida kuma miji. Da wannan kaɗai al'amarin ya koma na gidan Bahaushe, inda karrama baƙo mutuncin maigida ne, kwaɗayin uwargida kuwa abin kunya ne da dole a rufe. Dariyar da muke yi a kan halinmu muke yin ta, shi ya sa mutum kan girma da labarin bai taɓa jin warin baƙunci a jikinsa ba.

Ibrahim Malumfashi ya bi sawun irin waɗannan tushe a littafinsa Adabin Abubakar Imam (2009), kuma sanin tushen bai rage wa Imam daraja ba. Ya ma ba mu ma'aunin da za mu auna kanmu. A shekarun 1990 an sha zargin wasu marubutan soyayya da kwashe finafinan Indiya. Inda zargin ya tabbata, aron ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne an sauya sunaye kawai, an bar mutanen labarin suna abin da Bahaushe ba ya yi.

Saboda haka, ɗan'uwa mai sha'awar sake rubuta tatsuniya, ka tambayi kanka me ka ƙara mata. In 'yar bora ce da 'yar mowa, ka nuna mana abin da ya ƙeƙasar da zuciyar mowa, wanda kaka ba ta tsaya faɗa ba. In kuma daga waje ka ɗauko, ka faɗi inda ka samo, sannan ka zaunar da labarin a gidanmu har ya iya gaisuwa.