Da Bayajidda Bai Kwana a Daura Ba

Akwai wata sabuwar ɗabi'a da ta shigo mana, wadda takan faranta mini rai sannan ta ɓata shi tun ban gama murmushi ba. Matasanmu sun fara yawon ganin tsofaffin garuruwa. Ranar Asabar sai ka ga an cika bas daga Kano ko Kaduna, kowa da riga iri ɗaya, an nufi Daura ko Zariya ko Argungu. Wannan kam abin a yaba ne, don a da in ka ce za ka Daura alhali ba biki ba ta'aziyya, kallon mai taɓin hankali za a yi maka. To amma ku dubi yadda tafiyar take kasancewa. A isa da hantsi, a jeru a ƙofar fada a yi hoto, a leƙa rijiyar Kusugu a ja guga ɗaya ana ɗaukar bidiyo, a buɗe kular shinkafar da aka taho da ita daga gida, kafin la'asar sakaliya direba ya juya kan mota. Wanda kwana ya kama dole, Katsina zai koma, ko ya lalubi wani otal a bakin titi can bayan gari. Washegari a cika Facebook da TikTok da shelar an ga Daura. Wace Daurar? Katangar Daura kuka gani da rana tsaka, lokacin da su kansu masu garin suka shige inuwa.

Abin dariyar shi ne, labarin da ake zuwa Daura dominsa labarin masauki ne tun daga tushe. Yadda aka ba mu shi muna yara, baƙo ne ya iso gari da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa nan garin ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ya tare rijiya. Ya karɓi guga ya fita, sauran kuma kowa ya sani. Masana tarihi suna can suna fafatawa a kan nawa ne gaskiya nawa ne ƙari a cikin wannan labari, ni ba can na dosa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, ko mutanen da suka adana labarin sun fahimci cewa baƙo ba ya sanin damuwar gari sai ya shimfiɗa tabarmarsa a cikinsa, ya ji ƙishirwar da masu gida suke ji. Da Bayajidda irin masu yawon buɗe idonmu ne, da ya iso da azahar, ya tsaya a bakin rijiya an ɗauke shi hoto, ya kaɗa dokinsa ya koma Katsina ya kwana. Da macijin yana nan har yau yana mulkinsa.

Garin Bahaushe ba ya nuna kansa da rana. Tsarin gidanmu ma haka yake: bango ne ya juya wa titi baya, sai zaure, daga nan kuma baƙon da ba a sani ba ya tsaya. Mai zuwa da tsakar rana iyakarsa lungu da ƙura da awaki kwance a gindin katanga. Sai an yi sallar magariba gari yake fitowa waje. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa su hau dakali, mai shayi ya jera gwangwanayen madara, hayaƙin tukubar mai tsire ya game unguwa, ka jiyo muryoyin almajirai suna bita daga makarantar allo. In ka yi sa'a daren Juma'a ne, a yawancin fadojinmu za ka ji ana busa ana kaɗa wa sarki, abin da ake yi ko da baƙo ko ba baƙo. Da asuba kuma ladanin wannan masallaci ya kira, na gaba ya karɓa, har kiran ya zagaye gari, sannan mai ƙosai ta ɗora kasko, yara su yi layi da kofunan koko, in hantsi ya fara ɗagawa ka ga manyan gari da rawuna sun nufi fada gaisuwa. Duk wannan kyauta ne, ba tikiti ba ɗan jagora, amma wanda ya kwana kaɗai yake samu. Mai komawa kafin la'asar ya biya kuɗin mota mai yawa don ya ga garin a sa'o'in da ya fi kowane lokaci mutuwa.

Sai dai in za a yi adalci, laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. A ina za su kwana? Ku shiga kowane otal da aka gina a ƙananan garuruwanmu cikin 'yan shekarun nan, kamar uwa ɗaya ta haife su. Tayil daga ƙasa har bango, shuɗin gilashi a taga, labule mai kauri da ba a taɓa ɗagawa, talabijin a maƙale yana nuna ƙwallon Ingila, sunan otal ɗin kuma na wani birni ne a Turai ko ƙasar Larabawa wanda mai shi ya taɓa zuwa sarin kaya. In ka farka da dare a irin wannan ɗaki ba za ka iya rantsuwa a kan ko a Daura kake ko a Abuja ko a Aba ba. Ladanin da kake ji janareta ne. In kuwa aka kashe shi da tsakar dare don mai ya yi tsada, to bulon da kwanon da suka wuni suna shan rana sai su amayar maka da ita, ka kwana kana juyi kamar waina a tanda. Mutum ya yi tafiyar sa'o'i don ganin abin da babu irinsa a wani wuri, sannan a kwantar da shi a ɗakin da akwai irinsa a ko'ina. Ban ga laifin wanda ya ce gara ya koma gida ba.

Alhali kuwa cikin gari, bayan fada kaɗan, akwai sorayen da suka fi wannan ɗaki komai in ka cire famfo. Bangon tubali mai kaurin da zafin rana ba ya ratsa shi sai dare ya yi, lokacin da iska ta riga ta sauka. Rufin azara ta giginya wadda gara ba ta cika yi wa komai ba. Bakan gizo da ɗaurin guga da suka ɗauke rufi sama ba ƙarfe ba siminti, ka kwanta rigingine kana bin layukansu da ido. A waje ga zankwaye a kusurwa, ga indararo yana jefar da ruwan sama nesa da gindin bango, ga makuba ta ɓawon ɗorawa da ake shafewa da ita. Waɗannan gidajen ne ake rushewa ɗaya bayan ɗaya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, yaɓe kuɗi ne, gidan kuma ba ya kawo ko kwabo. Maigida ya rasu, magada goma sha biyu su zauna rabo, sai a ga abin da ya fi sauƙi shi ne a sayar wa mai son jera shagunan bulo. Wanda ya tsira, hanya ɗaya muka sani ta girmama shi, a mai da shi gidan tarihi. Haka aka yi wa Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da tsohuwar Kwalejin Katsina, da tsohuwar fadar Argungu. Madalla da hakan, amma gidaje nawa gwamnati za ta iya ɗauka? Gidan tarihi kuma da yamma ake garƙame shi, maigadi ne kaɗai ya san yadda yake da dare.

Agadas ta nuna cewa akwai wata hanyar. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. Daf da masallacin akwai otal ɗin Ayar, wanda asalinsa gida ne da ake dangantawa da Kawusan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransawa ƙawanya a garin a 1916 zuwa 1917. Baƙo ya sha shayi a saman soro, hasumiya tana gabansa. A cikin lungunan garin kuma har yau ana nuna gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth, mai yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka a 1850. Ba fada ba ce, ba masallaci ba ne, gidan mutane ne da ya shiga tarihi saboda baƙo ya kwana a cikinsa. A Sifaniya tun 1928 gwamnati ta kafa jerin masaukai waɗanda da yawansu tsofaffin fadoji ne da gidajen ibada, kuɗin kwana yana riƙe ginin. A Fas da Marakish na Maroko, tsofaffin gidaje masu tsakar gida ne baƙi suke rububi. Wanda ya fi burge ni shi ne na Italiya, inda a ƙauyukan da mutane suka ƙaurace wa aka fito da tsarin otal warwatsacce: wurin karɓar baƙi ɗaya ne, ɗakunan kwana kuwa suna cikin tsofaffin gidaje daban-daban a lungunan ƙauyen, baƙo ya karɓi mabuɗi ya tafi ya zama maƙwabcin masu gari.

Kafin wani ya ce ai wannan kwaikwayon Turawa ne, ya tuna da fatoma. Shekaru aru-aru fatakenmu na goro da shanu da gishiri ba su san otal ba. Ayari ya iso, kowane falke ya nufi gidan fatomansa, a ba shi ɗaki, a ajiye masa kaya, a kawo masa tuwo daga cikin gida, a haɗa shi da mai saye, in ciniki ya faɗa maigida ya karɓi la'adarsa. Haka aka yi a Salaga, haka aka yi a zangon Kumasi, haka masu gida na Sabo a Ibadan suka riƙe cinikin shanu da goro. Saukar baƙo sana'a ce mai daraja a wurinmu, kuma a tsakiyar unguwa ake yin ta, maigida yana zaune a zaurensa ya san wanda ya shiga da wanda ya fita. Abin da Italiyawa suka zauna suka yi wa doka, mu gadonsa muka yi muka yar.

Na san abin da za a ce. Za a ce otal a cikin unguwa ƙofar ɓarna ce, kuma sunan da otal ya yi a ƙasar nan ba ƙarya aka yi masa duka ba. To amma ɓarna ta fi son bayan gari inda ba wanda ya san wani, ba gidan da mai unguwa yake wucewa ta ƙofarsa sau biyar a rana ba. Za a ce gidan Bahaushe akwai iyali, ba a shigar da baƙo. Wa ya ce a shigar? Kakanninmu sun riga sun raba gida: zaure da ƙofar gida da shigifa na baƙi, cikin gida na masu gida, ga kuma gidajen gado da yawa da ba kowa a ciki sai jemagu. Za a ce ba tsaro. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ita ce ta kore Turawa daga Agadas, ita ce kuma ta sa wasu hanyoyinmu ba a bin su in rana ta faɗi. Sai dai wannan hujja tawa ce, don in hanyar dare ce abin tsoro, kwana a cikin gari ya fi kama hanya da magariba. Kuma ni ba Turawa nake jira ba, waɗannan yaran masu riga iri ɗaya nake nufi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne ginin ƙasa yana kisa. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata aka yi asarar rayuka. A daminar 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram. Ba wanda zai yi wasa da wannan. Darasin da na ɗauka shi ne tsohon gini yana bukatar magini a kansa kullum, magini kuma yana bukatar a biya shi, kuma ɗakin da yake kawo kuɗin kwana ya fi kusa da samun wannan kulawa a kan wanda aka bar wa gara da ruwa. Gwanayen ma ba su ƙare ba. Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa da ƙasa har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, a Dandaji kuma an gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse. Batun banɗaki kuwa, na sallama, ba wanda zai biya kuɗi ya tsuguna a masai da buta cikin duhu. A sa famfo, a sa sola, a rataya gidan sauro, a dai kula kada bututu ya riƙa tsiyaya cikin bango. Na kuma sallama cewa a Marakish abin ya wuce gona da iri, baƙi masu kuɗi sun saye gidaje har tsada ta fitar da wasu 'yan gari. Ranar da muka kai ga wannan matsala a Daura sai mu zauna mu yi kukanta, yanzu dai kukanmu na rushewa ne.

Ba wani gagarumin aiki nake roƙo ba, don na san halinmu, da an ce yawon buɗe ido sai a kafa kwamiti a zana otal mai hawa bakwai a bayan gari. Gida ɗaya ya isa a fara da shi, mai ɗaki huɗu ko biyar, kusa da fada, masarauta ta sa ido, 'yan gidan su riƙe abinsu, a kira Sarkin Magina ya duba azara, da safe a kawo wa baƙo koko da ƙosai daga maƙwabta. Attajirin da ya iya zuba miliyoyi a tayil zai iya wannan da canjin da ya rage masa. Ku kuma masu cika bas, in za ku Daura Sallar Gani mai zuwa, ku sa kayan kwana a jaka, ku tambayi masu garin ko akwai soron da za a saukar da ku. In sun ce babu, ku sake tambaya baɗi, har su gane akwai masu nema.